Matsarmamar Ngunan

Lafia, 9 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga maigidana, Baban Rahmatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin Jos? Ni da Rahmatu lafiya lau, cikin ma yana motsi. Innarka ce ba lafiya. Kada hankalinka ya tashi, tana asibiti ana yi mata ƙarin ruwa.

Ka tuna Ngunan, matar Iorchia, Tibin nan da ke noma gonarku ta hanyar Ashige? Farkon damina ta ba ni irin matsarmama, ba irin ta daji ba, wata mai manyan 'ya'ya. Na shuka a bayan ɗaki inda mangwaro ke tare rana, na kafa mata sanduna. Kowane ɗa yana cikin 'yar rigarsa. Sai rigar ta bushe kamar takarda ya faɗo da kansa, ka ɓare ka gan shi ruwan ɗorawa, ga zaƙi ga ɗan tsami. Tun da laulayi ya kama ni, shi kaɗai ke zama a cikina. Ngunan ta ja min kunne cewa ɗanyensa ba ya ciwuwa.

Ranar Laraba na dawo daga awo na tarar da Inna tana amai da gudawa, ba ta ma gane mutane. Ga ɓawon matsarmama a gefen murhunta. Wanka, Yaya Abdulsalami, ya gani. Yanzu yana bin unguwa yana cewa Ngunan ta shigo mana da guba don su cinye gonar. Na fara yi masa bayani, ya ce in rufe baki.

Ina jin tsoro. Ka nemi izini ka zo.

Taka,
Sailuba

Lafia, 14 ga Oktoba, 1988

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji saƙonka wajen direba, cewa sai ƙarshen wata za a sake ka. Allah ya kai mu. Inna ta daina amai, amma har yanzu ba ta magana.

Yaya ya sare shukar gaba ɗaya. Wasu samari kuma sun je sun jefi gidan Iorchia, har sun fasa masa goshi. Jiya mai unguwa ya tara mu. Ngunan ta rantse, ta yi kuka, babu mai kallonta.

Kada ka yi fushi da abin da zan faɗa maka. Ina da nunannu cikin kwano da na tsince kafin a sare. Na fito da su gaban jama'a, na zauna, na yi bisimilla, na dinga ɓarewa ina ci. Mata suna salati, suna cewa in tausaya wa cikina. Na san ba abin da zai same ni, tun yaushe nake ci, amma wallahi idanun mutane sun sa ni kaina na fara shakka. Suka zauna suna jiran in faɗi har aka kira la'asar. Ban faɗi ba.

Na zaci magana ta ƙare. Sai Yaya ya ce ai makari aka ba ni. Ya ce su tashi daga gonar, ga doyarsu a ƙasa ba su tona ba. Iorchia ya kama hannun matarsa suka fita.

Taka,
Sailuba

Lafia, 19 ga Oktoba, 1988

Maigida,

Ina gaishe ka da murna, da fatan kana lafiya. An sallamo Inna, bakinta ya buɗe.

Da na ba ta labari, sai ta dafe kai. Ashe ita ta tsinki ɗanyu ta zuba a miya, ta ɗauka kamar gauta ne. Na ce mata su Ngunan sun riga sun ɗauko mota, yau za su koma Obi. Matar da ko buta ba ta iya ɗagawa ta ce in miƙo mata mayafi.

Ɗan acaɓa ya kai ta, ni na bi a ƙafa. Na tarar an gama loda kaya, Inna kuwa ta sa an ɗora ta a bayan motar, ta zauna daram a kan katifarsu. Direba ya yi roƙo har ya gaji. Yaya ya zo da gudu yana cewa ta sauko, mutane na kallo.

Ta ce, "Su kalla. Ni na tsinka, ni na dafa. In za su tafi, da ni za a tafi Obi."

Ya ce, "Inna, rana za ta yi miki illa."

Ta ce, "To sauke kayan."

Ya tsaya yana dube-dube, ko wani zai taya shi. Babu wanda ya motsa. Shi kaɗai ya sauke su, tukwane, turmi, buhunan dawa, yana gumi. Sai da ya rage katifar kawai Inna ta miƙa wa Ngunan hannu ta sauko da ita.

Ngunan ba ta leƙo gidanmu ba tukuna, ban kuma ga laifinta ba. Idan ka sauka a tasha, ka fara zuwa wajen Iorchia kafin ka shigo gida.

Rahmatu na gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Taka har kullum,
Sailuba