Gawar Sumana da Atamfar Biki

Dichemso, Kumasi

Zuwa ga Gwaggo Rifkatu, a Bawku,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya jiki, ya ƙafar? Na kira ki a waya ina ta ɗaga murya ba kya ji, shi ya sa na ba direban motar Bawku wannan takarda.

Lahadin ƙarshen watan nan ikkilisiyarmu ta Aboabo za ta cika shekara arba'in. Kwamitin dattawa ya ɗora mini, a matsayina na magatakarda, in karanta wa jama'a tarihin kafuwarta. Mijinki, marigayi Katikis Istifanus, shi ne shugabanmu na farko, kuma cikin waɗanda suka fara tare da shi ke kaɗai kika rage. Ina roƙonki ki rubuto mini yadda aka kafa ta da manufarta, a taƙaice, cikin kalmomi masu daɗi, domin za mu yi manyan baƙi.

Ga yadi shida na atamfar bikin, da hoton sabon gininmu a jiki. Zumuntar Mata na gaishe ki.

Ɗanki cikin Ubangiji,
Bawah

*

Bawku

Bawah ɗan ƙanena,

Na gaishe ka, na gaida mai ɗakinka da yara. Ƙafa tana nan yadda ka san ta. Atamfa ta iso, ta yi kyau, sai dai ginin da ke jikinta ya fi na gaske tsawo.

Me kake nufi da ni kaɗai na rage? Ina Sumana mai gadi? Mutumin da ya yi shekaru yana ɗauko bencunan coci a ka daga unguwar Akwatialine kowace Lahadi, wanda ya goya ka ranar da ka suma a wurin baftisma? In ya mutu, don me ba wanda ya faɗa mini? In yana da rai, don me ka cire shi daga lissafi? Kai dai tun kana yaro haka kake, sai ka zagaya gida kaf kafin ka ce ka fasa tulu.

Ba zan rubuta maka ko kalma ɗaya ta tarihi ba sai na ji amsa.

Gwaggonka,
Rifkatu

*

Dichemso, Kumasi

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da ban girma. Ban so in tayar miki da hankali ba ne. Baba Sumana ya rasu wata biyu da suka wuce, a ɗakin da yake haya a gidan Alhaji Zulkiflu. 'Ya'yan Alhaji ne suka kai shi asibiti. Gawar tana firij ɗin asibitin har yanzu.

Kwamiti ya zauna a kan maganar, kuma ki yarda ba mugunta ba ce. Na farko, dokar ikkilisiya ta ce wanda ya shekara bai zo sujada ba ya fita daga membobi. Baba Sumana ya fi shekara uku bai zo ba, da farko saboda gadin Lahadi, daga baya saboda ciwo. Na biyu, kin san Kumasi: gawa ta dangi ce. In muka binne shi, gobe wasu suka sauko daga arewa suka ce mun binne musu mutum ba izini, wa zai tsaya gaban hukuma? Fasto sabo ne, bai ma taɓa ganinsa ba. An yanke cewa a bari sai bayan biki.

Matsalar ita ce asibiti sun sanar cewa duk gawar da ba a karɓa ba zuwa Juma'ar da ke gaban bikin, za su haɗa su a rami ɗaya. Alhaji ya tare ni a hanya ya ce, "Ku Kiristoci wane irin mutane ne? Da namu ne, ko kwana ba zai yi ba." Wallahi na rasa inda zan sa fuskata. Amma ni magatakarda ne kawai, abin da aka yanke nake rubutawa.

Don Allah kar ki manta da tarihin, lokaci na ƙurewa.

Ɗanki,
Bawah

*

Bawku

Bawah,

Na gaishe ka don dole, raina a ɓace yake. Tunda na karanta takardarka tuwo bai wuce mini ba.

Tarihi kake so? To buɗe kunne. Ba wanda ya zauna ya ce a kafa coci. Wani ɗan dako ne ya faɗi a kasuwa ya mutu, ba wanda ya san garinsu, sai ƙaramin gicciye da aka gani a wuyansa. Aka aiko wa Istifanus, don shi aka sani da Littafi a duk layinmu. Muka taru mu 'yan kaɗan: Bafrafra, Bakusase, Badagarte, ba mai jin yaren wani, sai Hausa ta haɗa mu. Mahaifin wannan Alhaji Zulkiflun ne ya ara mana diga da shebur. Sumana da kawunka Istifanus suka haƙa kabarin a maƙabartar Tafo, hannunsu har ya fashe. Da muka dawo muka zauna a zauren gidan haya, Istifanus ya karanta mana inda Ubangiji ya ce, ina baƙo kuka karɓe ni. Sai Sumana ya ce, "To mu riƙa haɗuwa ran Lahadi mana, don in waninmu ya faɗi a san mai ɗaukarsa." Shi ke nan kafuwar. Manufar ma ita ce. Ba ni da kalmomi masu daɗi da zan ƙara wa manyan baƙinka.

Kuna jiran dangi su sauko daga arewa. Shekara arba'in ba su sauko ba. Wane dangi Sumana yake da shi in ba ku ba? Ku da kuke kiran juna 'yan'uwa kowace Lahadi da lasifika har unguwa ba ta barci, ashe a baki ne kawai.

Sannan wannan doka taku. Ni ma shekara huɗu ke nan ban taka cocinku ba, tunda ƙafa ta kawo ni wurin 'yata. Ka sani sarai na bar wasiyya a kai ni Tafo, gefen mijina. To ka tambayar mini kwamitinka, ni ma na fita daga membobi? Ku faɗa mini tun ina da rai, in san ramin da zan shiga.

Ga atamfarku na mayar. Ba zan ɗaura ta ba. A rufe akwatin Sumana da ita, tunda shi ya ɗauko cocin a ka kafin ku zana shi a zane. In kuma ba za ku iya ba, ka je wurin Alhaji, ka ce ni na ce su taimaka mana kamar yadda ubansa ya yi. Kunyar ta ishe mu duka.

Kar ka sake rubuto mini cewa kai magatakarda ne kawai. Ƙafa biyu gare ka, kuma duka suna aiki.

Allah ya shirye ku.
Rifkatu

*

Dichemso, Kumasi

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Mun binne Baba Sumana ran Alhamis.

Kwamiti bai canza magana ba, don haka na je asibiti da kaina. Ma'aikacin ya tambaye ni, "Mene ne shi a wurinka?" Na ce babana ne, na sa hannu. In dangi sun zo, ni za su nema. 'Ya'yan Alhaji suka zo da diga, matan zumunta suka zo da waƙa. Fasto ya iso muna sauke akwatin, ya ga atamfar, ya karɓi Littafi daga hannuna ya yi addu'ar da kansa.

Ran Lahadi na faɗi tarihin yadda kika faɗa, ban sa masa sukari ba. Wasu dattawa har yau ba sa amsa gaisuwata. Maganar dokar tana gaban kwamiti, kuma ban san yadda za ta ƙare ba.

Kafin mu bar Tafo na duba gefen kabarin Kawu. Wurinki yana nan, na nome ciyawar. Ko me kwamiti ya yanke, ni zan ɗauke ki. Amma don Allah, Gwaggo, kar ki yi sauri.

Ɗanki,
Bawah