Hannun Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da yara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Ni lafiya lau, aiki sai godiya.

Maigida ya mayar da ni gyaran agogunan nan sirara, waɗanda kaurinsu bai kai kwabo biyu a haɗe ba. Babu batir a cikinsu, sai ƙarafa kamar gashi. Kafin ka taɓa sai ka riƙe numfashi.

Shekaranjiya wani mai tara agoguna ya kawo nasa, ya ce irinsa goma kacal aka ƙera. Ya tsaya a kaina. Ina ɗaukar hantsaki sai na ga bakin hantsakin yana rawa. Na ajiye, na ce zan wanke hannu. A banɗaki na zuba wa yatsuna ido, wallahi ba su daina rawa ba. Maigida bai lura ba, amma jibi zan buɗe agogon.

Kada ka damu, wataƙila shayi na sha da yawa. Kada kuma Inna ta ji. Amma don Allah ka tuna mini, Baba yana da shekara nawa lokacin da hannunsa ya sa ya fara kiranmu mu zura masa zare a allura?

A sa ni a addu'a.

Ƙaninka.