Inabin farko na gonar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Rabi.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya Kano, yaya ciwon ƙafar nan taki? Mu nan unguwar Shisha lafiya lau, alhamdulillahi.

Sabon inabin da aka dasa a gonar Baba ta garin Ɗa'ifa ya fara 'ya'ya. Ya kamata in yi murna, amma raina a ɓace yake.

Da tsofaffin itatuwan inabin suka bushe, ni na yi ta yawon neman mashtal, wato inda ake rainon dashe. Duk wanda ya ƙi nuna mini uwar itacen da ya yanko reshe, ko ya hana ni zare dashe ɗaya in duba saiwarsa, sai in wuce. Da ƙyar na samu wani dattijo da ya yarda, har ya ba ni 'ya'yan uwar na ɗanɗana. Ƙaninmu Habibu kuwa, motarsa kawai ya kawo aka loda dashen.

Ranar Juma'a Baba ya tsinko nonon inabi na farko, ya miƙa wa Habibu a gaban baƙi, ya ce, "Ci, kai ka kawo mana iri mai kyau." Shi ko ya karɓa yana murmushi, bai ko kalle ni ba. Ni aka aika in ɗauko faranti.

Ki sa ni a addu'a, don har yanzu na kasa sa inabin nan a baki. In kun yi waya da Baba, ki tambaye shi wa ya duba saiwar.

Ki gaida Inna da su Ummi.

Ƙaninki,
Sani