Ƙarar da Yayana Ya Ce Babu

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, raina ya gama ɓaci.

Motata ce take wata ƙara, kar-kar-kar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Yayana makanike ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma a gidanmu ba mai kai mota wani gareji sai nasa. Na kai masa, ya canza fulogi, ya canza bel, ya ce an gama. Washegari ina tayar da ita ƙarar ta dawo. Bayan na sauke yara a makaranta na sake kai masa. Ya buɗe bonet, ya kasa kunne, munafukin injin ya yi tsit. Sai ya ce kunnena ne, wai mace in ta samu mota har ƙarar ɗankunnenta sai ta kai gareji. Abokan aikinsa suka kwashe da dariya, ni kuwa ina tsaye kamar wawiya.

Abin da ya fi ci min rai, ya je ya gaya wa Mama wai tunda na fara aiki na raina sana'arsa, dalili nake nema in koma wajen makanikai masu duba mota da kwamfuta. Yanzu Mama da ƙyar take amsa gaisuwata, shi kuma ko wayata ba ya ɗauka. Ni nake shan ƙarar kullum da safe, ni ce kuma maƙaryaciya. Wallahi na gaji. In kai ta wani wuri in rasa ɗan'uwana, ko in zauna har injin ya buga?

Ƙanwar Makanike

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da haƙuri.

Da safe kike jin ƙarar, amma sai kin zaga gari inji ya yi zafi kike kai masa. Akwai ƙarar da ba ta fitowa sai inji yana da sanyi, kafin baƙin mai ya hau ya zaga. Tana iya zama sarƙar taimin ko bawul, ban ga motar ba. Ke nan ba ki yi ƙarya ba, shi ma da gaske bai ji ba. Laifinsa, bai tambaye ki yaushe take yi ba, ya zaɓi ya mai da ke abin dariya. Wannan bai kyauta ba.

Gobe kafin ki tayar, ki duba baƙin mai, in kin tayar kuma ki ɗauki ƙarar a waya. In fitilar baƙin mai ta ƙi mutuwa, ki kashe motar nan take. Sannan ki kai ta da yamma ta kwana a garejinsa, shi ya tayar da ita da hannunsa da safe. Kada ki tsaya a wurin, zai fi saurin yarda in ba ya ganin idonki. In ya ƙi, ki gaya masa a gaban Mama cewa za ki kai ta wani wuri, kada ya ji a bakin wani.

Amma kada ki zauna jiran ya ba ki haƙuri, wataƙila ba zai taɓa ba. In ya gyara ya miƙo miki makulli bai ce uffan ba, ki karɓa, iyakar abin da zai iya ke nan. Allah ya daidaita tsakaninku.