Layukan da Dogo Ya Bari

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma ja. Baban yara ya ga na dawo a murtuke, na yi masa bayani: duk wanda ya tura sabon aiki a ofis, babbar kwamfuta ce ke haɗa manhajar ta gwada ta da kanta. Kore a wuce, ja a tsaya. Tun da aka kawo sabuwar kwamfuta abin ya zama sai ta ga dama. Aiki ɗaya, da safe kore, da azahar ja. Ya ce to mu sake mata fenti mana. Ban yi dariya ba.

Talata, 4 ga Maris
Kullum gwajin saƙon tunatar da shan magani ne ke faɗuwa. Oga ya tsaya a kaina da kofin shayinsa. "Ki kashe gwajin nan kawai, asibitoci na jira." Na ce ranka ya daɗe, in gaskiya gwajin yake faɗa fa? Wata tsohuwa mai ciwon suga ta zauna jiran saƙon da ba zai zo ba? Ya ba ni zuwa mako mai zuwa.

Alhamis, 6 ga Maris
Na duba ko'ina. Ƙarya nake, saura wuri ɗaya: rubutun da ke haɗa manhajar, wanda Dogo ya rubuta. Shi ya koya min aikin nan, da tsawa da zolaya. Tun da ya rasu bara ba wanda ya taɓa layi ɗaya a ciki. Abokin teburina, Sarkin Gardama, ya ce a buɗe. Na hau shi da faɗa, har da cewa aikinsa ne ya kawo matsalar. Ba aikinsa ba ne.

Jumma'a, 7 ga Maris
Na buɗe. A saman wani layi Dogo ya rubuta: "Kar a taɓa nan, na san abin da nake yi." Can ƙasa kuma: "Ban sani ba, amma yana aiki." Sai da na fita baranda na sha iska.

Na gano dai. Tsohuwar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya take yin gwaje-gwajen, sabuwar kuwa tare take sakinsu. Rubutun Dogo rumbun bayanai guda ya ba su duka, wani gwajin na karantawa, wani na sharewa. Manhajar lafiyarta ƙalau, saƙon marasa lafiya zai je. Ba laifinsa ba ne, a lokacinsa daidai yake. Amma faci ba zai yi ba, sai an sake rubutawa.

Lahadi, 9 ga Maris
Na je gaida matar Dogo. Ban yi niyyar faɗa mata ba, maganar ce ta suɓuce. Ta ce, "Ƙanwata, mutumin da ko sabuwar fanka sai ya kwance ta? Da yana nan da tuni ya watsar da shi, ya kuma ce ke kika ɓata." Mun yi dariya.

Litinin, 10 ga Maris
Layukan Dogo nake gogewa tun safe. Ina rubuta sababbi a wurinsu.

Talata, 11 ga Maris
Kowane gwaji da rumbunsa yanzu. Na sa kwamfutar ta maimaita har na gaji da kallo, kore. Na ba Sarkin Gardama haƙuri, ya ce zai yi shawara.

Laraba, 12 ga Maris
Manhaja ta tafi asibitoci. Da rana Oga ya leƙo yana tambaya wa za a riƙa nema in rubutun haɗawa ya sake rikicewa. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Ni. Rubutun nawa ne." Ba wanda ya ɗaga kai. Ni ma na ci gaba da aikina, sai dai na daɗe ina karanta layi ɗaya.