Ƙararrawar Hadari a Gefen Dama

Jekadafari, Gombe.
Tsakiyar bazara.

Zuwa ga 'yata Ikhlas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mudathir da yara. Yaya Kaduna, yaya aiki? Mu nan sai godiya, zafi ne kawai ya sa mu a gaba.

Na san za ki yi dariya, ki ce wa yake rubuta wasiƙa a zamanin nan. To, ni ne. A waya katse ni kike yi, kuma Ummanki tana jin komai. Bakinta ne ya yi nauyi, kunnenta ras yake. Shi ya sa na ba direban motar Kaduna wannan takarda.

Jikin nata yana nan yadda kika bar shi. Tun da ɓarin nan na dama ya shanye, hannun yana kwance inda aka ajiye shi. Ƙanwata Goggo tana zuwa yi mata wanka. Janet maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinyar nan, takan leƙo in ta taso aiki ta murza mata yatsu. Ta ce jijiyar ba ta mutu ba, mai hannun ce ta ƙi. Ta ce ko yatsa ɗaya ne ya motsa, sauran aikin za a iya yin sa a nan gida. Amma da an ɗauko hannun sai Ummanki ta juya fuska bango. Wallahi wannan juya fuskar ta fi ciwon ƙona mini rai.

Na ji maganarki ta ki zo ki tafi da ita. Ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma kin sani sarai ba zan zauna a gidan surukina ba, ko da kuwa ya fi kowa kirki. In kika ɗauke ta, kin raba mu ke nan. Ina roƙonki ki bar mini ita zuwa damina ta zauna. In har lokacin babu wani motsi, ni da kaina zan ɗaure mata kaya.

Kwanan nan tunanin baya yake ta dawo mini. Ban taɓa ba ki labarin yadda na fara ganinta ba. Ina saurayi a shagon gyaran rediyo a Tudun Wada, ta kawo rediyon babanta, wai tana ƙara kamar ana soya ƙwai. Na kunna, na saurara, na ce mata rediyon lafiyarta ƙalau, walƙiya ce ake yi can wajen Dutsen Bima, ita rediyon take jiyowa. Sama fes take a ranar. Ta harare ni, ta ce in ban iya gyara ba in faɗa. Kafin magariba aka kece da ruwa. Washegari ta dawo karɓar rediyon da babu abin da aka yi mata.

Daga nan ruwan sama ya zama abin gardamarmu. Ita da hancinta, ni da rediyona, kowa yana so ya riga wani cewa hadari na tafe. Yawanci ita take cinyewa, ta jera bahuna a ƙarƙashin indararo tana yi mini gwalo. Bana tana kwance a ɗaki, ko sama ba ta gani sosai. Akwai abin da nake so in haɗa mata, zan gaya miki in ya yiwu.

Ki gaida Mudathir, ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki,
Uzairu mai rediyo.


Jekadafari, Gombe.

Ikhlas 'yar albarka,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan murar ƙaramin ta sake shi. Na ji saƙonki, na kuma gode da kika yarda da wa'adin, ko da yake na ji yadda kika ja numfashi kafin ki ce to.

Abin ya haɗu. Ƙararrawa ce mai jin walƙiya tun daga nesa. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, da irinta aka fara kama saƙo a iska tun kafin a san rediyo mai magana. Maigidana da ya koya mini aiki ya taɓa zana mini ita a ƙasa da tsinke, ban ƙara tuna ta ba sai bana.

Ga yadda take. Na samo ɗan bututun gilashi na tsohon fiyus ɗin lantarki, na sa ƙusa ta kowane ɓangare, na bar ɗan fili a tsakani. A filin nan ake zuba garin ƙarfe ɗan kaɗan. Ƙusa ɗaya tana haɗe da waya da na ja a ƙarƙashin rufin kwano, ɗayar da ƙarfen da na kafa a ƙasa bayan taga. Sai batir, da ɗan makunnin maganaɗisu da na naɗa da hannuna, da tsohuwar ƙararrawar ƙofa. In garin yana zube abinsa, wuta ba ta wucewa. Da an yi walƙiya, ko a Dadin Kowa ne, sai ƙwayoyin su kama juna, wuta ta bi, ƙararrawa ta ɗauka. Kuma ba za ta yi shiru ba sai an ƙwanƙwasa katakon da aka ɗora ta, garin ya sake wargajewa. Ba bugu mai ƙarfi ba, ko da yatsa ne ya isa.

Kada hankalinki ya tashi, ba aradu nake gayyata gida ba. Wayar gajera ce, kuma in hadari ya iso kanmu cire ta zan yi.

Garin ƙarfen ne ya ba ni wahala. Na goga ƙusa da magagari, bai yi ba. Na goga tsohon sule, ya ɗan yi. Sai na tuna maigidana ya ce a ɗan surka da azurfa. Azurfar da ke gidan nan kuwa ita ce zoben Ummanki da aka yanke a asibiti lokacin da yatsan ya kumbura. Na zauna a gabanta na goga ɗan gefensa. Kai, Ikhlas, da kin ga hararar da ta watsa mini! Rabon da ta dube ni haka tun kafin ciwon. Na ji daɗi har cikin raina, na ƙara gogawa.

Da na gama, na ajiye abin a kan kujera 'yar tsugune ta gefen hagunta, na kawo makunnin gas na kicin na ƙyasta a kusa, don tartsatsinsa ƙanin walƙiya ne. Ƙararrawa ta ɗauka ƙirrr! Goggo ta yi salati ta zubar da kunu. Ummanki kuwa ta miƙa hannun hagu mai lafiya ta hankaɗe kujerar, gilashin ya fashe. Na kwashe garin daga tabarma da gashin kaza, ina dariya ina hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Na sake haɗa wani. Wannan karon na mayar da shi gefen dama, jikin gado, kusa da hannun da ba ya motsi, inda na hagun ba zai kai ba. Nan ne kaɗai na san zai tsira daga gare ta.

A gaida mutanen gida.

Babanki,
Uzairu.


Jekadafari, Gombe.

'Yata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Mu ma lafiya, sai jiran ruwa.

Ƙararrawar nan ta mai da ni abin tsokana a unguwa. In George mai walda ya fara aiki a bakin layi, sai ta ɗauka. In wani ya tayar da tsohon babur a ƙofar gida, ta ɗauka. Goggo ta sa mata suna Maƙaryaciya. Amma akwai lokutan da unguwa take tsit, bayan azahar, ko kaza ba ta motsi, sai ta yi ƙara. In ƙwanƙwasa, ta yi shiru, can ta sake. In na fita na duba gabas, babu komai sai wani ɗan fari-fari a bayan duwatsun Liji.

A irin wannan lokaci nakan dawo in zauna a bakin gado in ba Ummanki labarin inda ruwan yake. In ce yanzu yana sauka a kan Bima, duwatsun sun yi baƙi suna sheƙi. Yanzu ya tsallaka kogi, masu kwalekwale suna jan igiya. Yanzu wata mata a wani ƙauye da ba mu sani ba ta fito da gudu tana kwashe shanya, ƙurar farko tana tashi da ƙamshin nan da kike so. Ƙirƙira nake yi, ta san ƙirƙira nake yi. Wani lokaci har ni kaina sai in ji sanyin a wuyana, in manta muna cikin ɗaki mai zafi. Nakan ga kamar mu biyu muna tafe a ƙarƙashin hadarin nan da ƙafafunmu, ba ma sauri, ba ma jiƙewa. Sai ƙararrawa ta sake kaɗawa in farka.

Ta daina juya fuska bango in ina wannan surutu, taga take kallo. Iyakar abin da zan iya ce miki ke nan, ba zan ƙara gishiri ba. Hannun yana nan yadda yake. Jiya Janet ta murza shi ta murza, ta ajiye, ta tafi.

An yi ruwa a Kumo, an yi a Deba. Namu ma ba zai daɗe ba, wa'adina yana ƙarewa. Tsoro nake ji, Ikhlas, gara in faɗa miki. Na fito da akwatinta na goge, na kasa buɗewa, na mayar ƙarƙashin gado.

Ƙarar kuma tana damunta in ba na kusa, don ba mai tsayar mata da ita. Saboda haka na fara haɗa wata 'yar guduma da waya mai lanƙwasa, wadda za ta riƙa ƙwanƙwasa katakon da kanta. In za ta tafi, ta tafi da abinta cikakke, ta riƙa jin hadarin Kaduna.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Uzairu.


Jekadafari, Gombe.
Ranar ruwan farko.

Ikhlas,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya.

Yau Goggo ta tafi suna a Dawaki, Janet tana wurin aiki, daga ni sai Ummanki a gidan. Bayan la'asar iska ta canza, ganyen darbejiya ya fara juyawa. Na fita tsakar gida in kwashe zannuwan da Goggo ta shanya. Ina cikin kwasa ƙararrawa ta ɗauka a ɗaki. Na ce a raina bari in gama tukuna. Tana ta yi, tana ta yi, ni kuma iska tana ta naɗe mini zane a fuska.

Sai ta yi shiru.

Na tsaya da kaya a hannu. Na ce batir ne ya mutu. Ban rufe baki ba ta sake ɗauka da ƙarfinta. Ta ɗan jima tana yi, ta sake yin shiru. Na ce ko tsawa ce ta girgiza katakon, amma ko cida ba a fara ji ba, hadarin yana can bayan Liji. Ba mu da kyanwa. Kin san abin nan ba ya shiru da kansa, ni na haɗa shi.

Wallahi kasa shiga na yi. Na tsaya a tsakar gida kamar an dasa ni, ina jin ta ɗauka, ta tsaya, ta ɗauka, ta tsaya, ina tsoron in na ɗaga labule abin ya zama mafarki irin nawa na bayan azahar. Sai da ɗigon farko ya faɗo mini a goshi sannan na taka.

Na same ta ta jiƙe sharkaf da gumi. Hannun hagu yana can ƙarƙashinta, ta danne shi. Na daman ya zame daga kan katifa zuwa bakin katakon, manuniya a ɗan tanƙware. Ƙararrawa ta sake ɗauka a gabana. Na ga yatsan ya ɗaga kaɗan, yana karkarwa, ya daɗe a sama, sannan ya sauka. Shiru.

Na durƙusa zan kama hannun, bakina cike da magana. Ta galla mini harara, ta dubi zannuwan da ke kafaɗata, ta dubi taga. Ta yi ta kokawa da harshenta har kalmar ta fito, a karkace amma na ji ta:

"Baho."

Kin ji fa! Ni ina kuka, ita ruwanta take ji kada ya zube a banza. Na cire wayar, na fita a guje na jera bahunan duka a ƙarƙashin indararo, har da wanda ya tsage. Na jiƙe jagab. Da na waiwaya ta taga, na ga gefen bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga.

Janet ta zo da magariba, ta gani da idonta, ta rungume Goggo suna ta ihu. Ta ce gobe za a fara aiki na gaske, kuma hanyar da nisa. Na sani. Ki zo ki gani da kanki, amma ki zo da ƙaramar jaka, ta kwana biyu.

Ki gaida Mudathir da yara, ki ce kakarsu ta riga ni jin hadarin bana.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Uzairu mai rediyo.

Af, na manta. 'Yar gudumar nan na gama ta tun shekaranjiya, tana aiki sumul. Tana aljihuna. In kin zo kada ki gaya wa Ummanki.