Kada Ku Sa Mijina a Wasan Juma'a da Wannan Gwiwar

Zuwa ga Mudir, shugaban kulob ɗin ƙwallon kwando da mijina yake yi wa wasa a nan Dubai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya sa haka.

Ni ce matar mai lamba goma sha huɗu, dogon nan ɗan Kano. Ba ka san ni ba. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Da baki nake faɗa, Anti Rabi maƙwabciyarmu a Abu Hail, mai aikin jinya, ita take rubutawa, ita kuma za ta juya maka shi da Turanci, ta sa na Hausar a shafin 'yan'uwanmu mazauna garin nan. Na roƙe ta yadda na faɗa haka za ta rubuta, kar ta gyara min. Sau biyu ina zuwa ofishinku da goyo a baya, mai gadi yana cewa ba a shiga sai da izini. Shi ya sa na fito fili. Shi kuwa maigidan bai san ina yin wannan ba.

Yau Talata. Juma'ar nan kuna da wasa, kuma an ce za a yi masa allurar kashe zafi a gwiwa ya shiga. Maganar da ta kawo ni ke nan. Amma sai ka ji yadda aka zo nan.

Na farko. Su biyu aka ɗauka rana ɗaya, shekara biyu ke nan, shi da abokinsa Isufu ɗan Maraɗi. Tare suke ɗaukar kwali a wani sito a Jebel Ali, da yamma su je su buga ƙwallo. Da aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda kowane kulob yake kiran suna bi da bi, ku kuka kira mijina, shi ne na biyu a duk taron. Isufu sai can ƙarshe wani kulob ya kira shi, har mutane sun fara tashi. Yau Isufu da shi ake fara kowane wasa. Can wajensu wani babba ne cikin 'yan wasan ya ja shi a jiki, tare suke cin abinci, in ya yi kuskure a kira shi gefe a nuna masa, gobe a sake sa shi. Nawa kuwa yana benci kusa da gorunan ruwa, da tawul a wuya. Ni 'yar manomi ce, ranka ya daɗe. Na san iri ɗaya ake shukawa a gona biyu, ɗaya ya yi zangarniya ɗaya ya ƙone. Ba a zagin irin.

Na biyu, kuma wannan nake so ka gane sosai. Mu a wajenmu yaro ba ya kallon babba cikin ido. In ana yi masa faɗa sunkuyar da kai yake, ba ya mayar da magana. Haka mahaifinsa ya tashe shi. Har a fili halin nan bai bar shi ba. Sai ya samu ƙwallo, ga kwando a gabansa ba mai tsaron sa, amma in ya hango kyaftin sai ya miƙa masa, wai ba ya shiga gaban na gaba da shi. Kocin farko, dattijon nan mai furfura, Allah ya saka masa, shi ya lura. Bai zage shi ba. Ya zaunar da shi ya tambaya, da ya ji dalili sai ya sa kyaftin ɗin da kansa ya riƙa daka masa tsawa a gaban kowa, yalla, jefa! To tunda babba ne ya ce, sai ya jefa. A waccan shekarar na je kallo sau uku da cikin 'yarmu, na ga yadda ƙwallo take faɗa masa kwando kamar ya aike ta. Kai ma kana nan, na gan ka kana tafi.

Bayan Babbar Sallah kuka canza koci, kyaftin ɗin ma ya tafi. Sabon kocin shi so yake a kalle shi ido cikin ido, a yi ihu a buga ƙirji. Yana faɗa, mijina yana sunkuyar da kai, sai ya ce wai ba shi da zuciya, barci yake a tsaye. Ladabi ne fa! Ba wanda ya tambaye shi. Manyan da suka rage kuma suka sa masa suna mai kago, wato ɗan dako, saboda aikin da ya baro. Yana ɗaga hannu ba a ba shi ƙwallo. A bas kujerarsa shi kaɗai. Mutumin da yake shigowa gida yana sunkuyawa a ƙofa yana dariya, yanzu sai ya shigo ya zauna yana kallon bango, tuwo ya huce a gabansa.

Na uku, gwiwar. Sati uku ke nan ya faɗi wajen atisaye. Ni ya gaya min ya ji ƙas, kamar an karya kara. Koci ya tsaya a kansa, a gaban kowa, ya ce zai iya ci gaba ko a'a. Ranka ya daɗe, namijinmu ba ya kukan ciwo a gaban manya, ko ƙashi ne ya fito cewa zai yi Alhamdulillah. Ga shi kuma ya ga abin da ya samu wani baƙo ɗan'uwansa a kulob ɗin, wanda ya ce bayansa na ciwo, kafin sati ya zagayo an soke bizarsa an kawo wani. Tun daga ranar ba mai cewa wayyo a wajenku, kowa ɓoye nasa yake. To ya miƙe ya ci gaba da gudu. Ba a kai shi asibiti hoto ba. Mai tausa ne ya ba shi ƙanƙara da ƙwayoyi, shi ke nan.

Ni nake ganin abin da ku ba kwa gani. Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. A kan kujera yake sallah, ba ya iya sujada. Da safe sai ya ɗaure ta da bandeji tamau, ya sa dogon wando, ya tsaya a gaban madubi yana gwada tafiyar da ba ɗingishi kafin ya fita. Shekaranjiya da rana ya ɗauki yarinyar nan, watanta goma, zai miƙo min ita, sai ƙafar ta lanƙwashe. Allah ne ya sa katifa na kusa. Ita tana tsala kuka, shi yana zaune a ƙasa ya kasa tashi, kuma har lokacin cewa yake ba komai.

Anti Rabi ta duba, ta ce ita ba likitar ƙashi ba ce, amma wannan ba ciwon ƙanƙara ba ne, tana tsoron jijiya ce ta tsinke. Ta ce allura ba ta ɗinke komai, zafin kawai take rufewa, mutum ya yi ta gudu a kai har ya ƙarasa abin da ya rage. Anti, rubuta hakan, ke kika faɗa.

Yanzu da biyu cikin manyan ba za su samu buga wasan Juma'a ba, sai koci ya tuna akwai mai lamba goma sha huɗu. Shi kuma murna yake. Ya ce min damar da yake jira ke nan, in bai shiga ba khalas, an gama da shi. Na yi kuka, na haɗa shi da Allah, ya ce in yi shiru ban san harkar ba. Gaskiya ne ban san harkar ba. Amma na san ƙafa.

Kar ka ɗauka ban san abin da nake taɓowa ba. Bizata da ta yarinyar nan a ƙarƙashin tasa suke, tasa kuma a hannunku. In ka ji haushin takardar nan, sa hannu ɗaya ya isa a tattara mu. Kwana biyu ina juya abin a raina. Na ga gara mu sauka Kano yana tafe da ƙafafunsa biyu, ko dako ne ya yi, da mu zauna nan ina tura shi a keke yana ɗan shekara ashirin da huɗu.

Ga roƙona.

A kai shi hoton gwiwa kafin Juma'a, wajen likitan ƙashi na gaske. Kuma kar a tambaye shi ko yana so, zai ce a'a. Kai za ka ba shi umarni, kamar yadda dattijon nan ya yi. In babba ya ce, zai bi.

Kar a yi masa allurar nan sai likita ya gani.

In hoto ya nuna sai ya kwanta, ka faɗa a gaban sauran 'yan wasan cewa gurbinsa na nan. Ba don shi kaɗai ba. Ka tambayi mai tausa gwiwa nawa da baya nawa ake ɓoye maka.

In kuma kun gaji da shi, ku sake shi da daɗin rai ya tafi inda za a ja shi a jiki kamar Isufu. Ku kuka zaɓe shi na biyu, ba shi ya zaɓe ku ba.

Saura abu ɗaya. Anti Rabi ta ce takarda ba ta tafiya ba suna. Mu mace ba ta kiran sunan mijinta, shekara uku da aurenmu bai taɓa fita daga bakina ba, ko a waya. Ta ce za ta rubuta da kanta, na ce a'a, bari in faɗa. Kunyar nan ce take neman cinye masa ƙafa, to ni yau na ajiye tawa. Sunansa Nasiru. Nasiru ne sunansa. Ka kira shi gobe da safe, kar ka kalli fuskarsa, ka ce ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raya maka zuri'a, ya ba kulob ɗinku nasara ranar Juma'a ba da gwiwar mijina ba. In na yi rashin ladabi a yafe min, tsoro ne.

Wassalam.

Ni ce,
Matar mai lamba goma sha huɗu,
Abu Hail, Dubai.